Yadda Za Ki Zama Likitar Gidan Surukai da Hantar Ɓera Kawai

'Yar'uwa, zauna ki miƙo kai. Shekara ashirin da biyu ke nan ina kitso a bayan kasuwar Kafanchan, kuma duk kan da ya shiga tsakanin gwiwoyina sai ya zazzage abin da ke cikinsa kafin in kai ƙeya. Don haka in na ce miki na san ƙofar zuciyar surukai, ba a takarda na karanta ba. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Wata uku na ba ki: uwar saurayinki za ta riƙa goge miki kujera da bakin zanenta, ubansa kuma zai riƙa sa a yanka miki kaza, ba Kirsimeti ba, ba Ista ba. Babu shakka a ciki. An gwada a kan mutum mai rai.

Sunanta Nkechinyere, mu Nkechi muke ce mata. Iyayenta Ibo ne. Kakanta ne ya zo aikin jirgin ƙasa ya zauna, ita kuwa nan aka yanke mata cibi, Hausarta ma ta fi Ibonta tsawo. A jami'a ta karanta bayokemistiri, wato ilimin abin da ke faruwa a cikin jiki inda ido ba ya kaiwa. Ta gama bautar ƙasa, aiki ya ƙi samuwa, sai ta dawo tana taya uwarta sayar da bokitai da robobi a kasuwa.

Saurayinta Levi, malamin firamare ne, ɗan wani ƙauye a hanyar Kagoro. Ubansa, Baba Kumai, manomin citta. Uwarsa, Mama Keziya, ita ke dafa burukutun da babu kamarsa a yankin, kuma ta riga ta faɗa a gaban zumuntar matan coci cewa ɗanta ba zai kawo mata 'yar Ibo ba. Wai ba su san fartanya ba, kuma suna jan miji gabas. To, daga nan aka fara.

Mataki na 1: Ki tanadi hoto da farar riga

Ba sai kin je makarantar likita ba. Shekara shida, wa ke da wannan lokacin? Farar riga kawai ake bukata, da fuskar wadda ba ta son a dame ta.

Nkechi tana da irin wannan hoton tun shekararta ta ƙarshe: farar riga, safar hannu, 'yar kwalba a sama tana dubawa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne teburin da ke gabanta, inda wani farin ɓera ke kwance a buɗe. Binciken da ta yi na gama makaranta a kan hantar ɓera ne, yadda take ƙona abinci ta mai da shi ƙarfi. Ɓera talatin suka ba da ransu don ta sami digiri. Mutum mai ciwo kuwa, ba ta taɓa taɓa ko ɗaya ba.

Ran da Levi ya fara kai ta gida, Mama Keziya ta nuna mata benci da haɓa, ta ci gaba da juya tukunya. Levi ya ga abin zai lalace, sai ya zaro waya.

"Mama, ga ta a wurin aiki. Hanta ta karanta."

Mama Keziya ta goge hannu, ta karɓi wayar, ta nisanta ta da ido, ta matso da ita. "Hanta? Hanta na mutum?"

Nkechi ta buɗe baki. Levi ya take mata ƙafa.

"Ashe dakta ne!" in ji Mama Keziya. Hausarta, kamar ta mijinta, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, har akuyarta mai ciki. "Kai Levi, ka kawo dakta gida ka ajiye shi a benci? Ba ka da hankali. Ɗauko kujera na fasto."

Aka ɗauko kujerar da ba a fitowa da ita sai fasto ya zo.

Mataki na 2: Kada ki amsa, kada ki musa

In aka ce miki Dakta, ki yi murmushi ki kalli ƙasa. Za su ce tawali'u ne. Ƙarya sai an buɗe baki. Abin da kika yi da murmushi, babu fasto a Kudancin Kaduna da zai iya kawo miki ayarsa.

A kan babur suna dawowa, Nkechi ta mintsini Levi a baya. "Me ya sa ka take ni?"

"Nke, kin ga kujerar da aka ba ki? Ni ɗan gidan ban taɓa zama a kanta ba. Bari a gama gaisuwar iyaye tukuna, sai mu gyara zancen a hankali."

Gaskiya ita ce kujerar ta yi mata daɗi. Shekara biyu tana kai takardun neman aiki ana ce mata za a kira ta, yau ga mutane sun miƙe tsaye don ta shigo.

Mataki na 3: Ki yi maganar da ba wanda zai gane

Mutum ba ya girmama abin da ya gane. In ya gane, sai ya ce ai shi ma ya sani.

Lahadi ta gaba bayan coci, Baba Kumai yana zaune a gindin mangwaro da ƙwaryarsa, abokan shansa huɗu kewaye da shi. Dogon tsoho ne mai son dariya, mai son a ji muryarsa. Ya kira ta.

"Dakta, zo ka gaya wa jahilan nan. Mene ne aikin hanta? Henry ya ce wai jini kawai yake ajiyewa."

Nkechi ta gyara murya, ta sako musu abin da ta haddace don jarrabawa. Ta ce a cikin kowace ƙwayar hanta akwai maitokondiriya fiye da dubu. Ta ce a can ake ciro ilektiron daga abinci, a bi da shi ta tashoshi huɗu, daga wannan zuwa wancan, har ya isa ga iskar oksijin. Ta ambaci saitokurom, ta ambaci yubikwinon, ta rufe da Ei-Ti-Pi.

Tsit. Ƙuda ma ya dakata a bakin ƙwarya.

"Ka ji ko, Henry?" in ji Baba Kumai. "Maimaita ɗaya a ciki in kai namiji ne."

Henry bai maimaita ba. Ran nan kaza ta farko ta mutu.

Mataki na 4: Ki ba suruki rabin da yake so

Kowace gaskiya tana da rabi biyu, mai daɗi da mai ɗaci. Ke baƙuwa ce, mai daɗin za ki miƙa. Ɗayan ki bar wa 'ya'yan gida.

Baba Kumai ya ɗaga ƙwarya. "To wannan fa, Dakta? In na sha, ina yake zuwa?"

"Hanta ce ke ƙona shi, Baba. Shi ma ilektiron ake ciro masa, a mai da shi ƙarfi."

"Ile me?"

"Ilektiron. Irin abin da ke gudu a cikin wayar lantarki."

Tsoho ya buga cinya. "Lantarki! To hantan ba ya gajiya?"

"Hanta tana da ƙoƙari, Baba. Ko an yanke kashi biyu cikin uku, tana sake tofowa."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Sauran rabin yana kan harshenta, ta san shi fiye da sunanta, don a kansa ta yi bincike. Amma da ta ɗaga ido sai ta ga Mama Keziya tsaye da ludayi a hannu tana saurare, fuskarta a sake karo na farko. Da tukunyar nan matar ta kai Levi makaranta. Wa zai shiga gidan mace ya ce mata tukunyarta guba ce? Nkechi ta haɗiye sauran.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama ƙauye: Dakta ya ce burukutu na shiga hanta ya zama lantarki. Aka daina cewa a zuba mini, sai dai a yi mini caji. Mai shan ƙwarya biyu ya koma uku, wai batirinsa ya tsufa. Baba Kumai kuwa, da yake a gidansa tashar take, tun safe yake jona kansa. Mama Keziya ta ƙara tukunya ɗaya, ta fara ce wa Nkechi "yarona".

Mataki na 5: Duk wanda ya kawo ciwo, ruwa da hutu da farasitamol

Za su zo. Mai ciwon baya, mai jiri, mai ƙafar da ke tsami in hadari ya haɗu. Kada ki firgita. Rabin ciwon duniya yana tafiya da kansa, ke dai ki tsaya kusa don a ce ke ce.

A nan, don Allah, a yi wa Nkechi adalci. Duk wanda ta ga abin nasa ya wuce wasa, takan ce ya je asibiti. Sauran takan ce su sha ruwa, su huta, su sha farasitamol biyu. Haka ta gaya wa Baba Kumai ran da ya ce yana tashi da ciwon kai.

Shi kuwa Baba ya yi nasa tunanin. In biyu na mace ne mai ƙaramin jiki, namiji mai tonon citta huɗu ya kamace shi. Lokacin tono ne, jiki na ciwo. Huɗu da safe, huɗu da rana, huɗu da yamma. Da burukutu yake kora su, don su isa hanta da wuri.

Mataki na 6: Kada ki kalli idon surukinki a cikin rana

Wannan matakin shi ne uwa. Ki gaishe shi a cikin ɗaki, ki gaishe shi a inuwa, kanki a sunkuye kamar yarinyar kirki. Abin da ba ki gani ba ba naki ba ne.

Nkechi ta yi sakaci. Wata Lahadi ta same shi a tsakar gida, rana tsaka, yana ba da labari yana dariya, kansa a ɗage. Farin idonsa ya zama kamar ƙwaiduwar ƙwai. Ta sake dubawa. Hannayensa sun rame, cikinsa kuwa ya turo riga. Yana magana yana sosa damtse. A kan taga ga fankon farasitamol sun taru kamar ɓawon gyaɗa.

Ta ji cinyar kazar da ke hannunta ta yi nauyi.

"Ciwon shawara ne," in ji Mama Keziya. "Na dafa masa ganye. Fasto ya ce a kai shi asibiti, shi ya ce wane asibiti, ga dakta a gida."

Baba Kumai ya miƙo hannu. "Duba ni, Dakta."

Ta riƙe wuyan hannunsa kamar yadda ta ga ana yi. Fatar da zafi. "Baba, ku daina farasitamol ɗin nan yau. Ƙwaryar ma ku ajiye. Gobe ku je asibiti a auna jininku."

Ya janye hannun. "Yayana da ƙafansa ya shiga asibiti, a bayan mota aka dawo da shi. Ni ba na zuwa. Kuma wane irin dakta ne zai tura uban mijinsa hannun baƙo? So kake a yi mini dariya a ƙauye? Rubuta magani, Levi ya sayo."

"Kayan aikina ba su nan, Baba."

"To ka kawo ran Lahadi. Hanta dai ai ka ce yana tofowa."

Ya ɗauki ƙwaryarsa.

Mataki na 7: Ki ɗora wa saurayin

Shi ya take miki ƙafa. Kada ki manta, kada ki bar shi ya manta.

A mararrabar da ake jiran mota Nkechi da Levi suka yi ta. Saura kwana shida iyayen Levi su je gidan su Nkechi gaisuwa, uwarta har ta sayi atamfa.

"Ubanka ba shi da lafiya, Levi. Ba ciwon ganye ba ne."

"Na gani. Bari a gama gaisuwar, ni da kaina zan ɗaure shi a babur."

"Hantarsa ta san ranar gaisuwa ne?"

"To me kike so in yi? In kin faɗa, Mama za ta ce dama na gaya maka, 'yan Ibo da wayo. Shi ke nan an gama da mu."

"Muddin yana ganin akwai likita a gida, ba zai taka asibiti ba. Ni ce ƙofar da ta rufe."

Levi ya zauna a kan dutse ya riƙe kai. Yaron kirki ne, amma irin wanda ke jiran matsala ta gaji ta tafi.

Ran Talata ta zo wurina tsifa. Ban kai rabin kai ba ta fara kuka. Na ba ta shawarar ƙwararru: ta yi shiru, ta saya masa maganin ƙarin jini mai launi mai kyau, a ɗaura aure, sauran na Allah ne. Ta ce, "Anti, na ga cikin hantar da ta yi haka. Da hannuna na yanka." Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin tsifa ta fita.

Mataki na 8: Ko ana ha maza ha mata, kada ki faɗi gaskiya

Na sa wannan matakin ne don ki ga abin da ke samun wadda ta ƙi jin magana.

Laraba da safe ta hau mota ita kaɗai. Ta tarar babbar mota a ƙofar gidan, ana lodin citta. Maza huɗu sun jeru daga rumbu zuwa mota, wannan ya miƙa wa wancan buhu. Baba Kumai na zaune yana lura da su, don tsayuwa ta fara yi masa wuya. Mama Keziya na tace tsiron dawar burukutu. Henry da sauran 'yan caji sun riga sun hallara.

"Dakta ya kawo kayan aiki!" in ji Baba.

Nkechi ba ta zauna a kujera ba. Ta durƙusa a ƙasa.

"Baba, Mama, ni ba likita ba ce. Ban taɓa zama ba. Hantar da na karanta ta ɓera ce."

Masu lodi suka tsaya da buhu a sama.

"Na me?" in ji Mama Keziya.

"Ɓera, Mama."

"Ɓera na rumbu?"

"Fari ne. Na makaranta."

Henry ya fashe da dariya har burukutu ya fito masa ta hanci. Ba wanda ya taya shi. Mama Keziya ta ajiye matacin a hankali. "Wata uku. Kaza bakwai. Na kira ka yarona a gaban zumunta." Ta nuna hanya. "Tashi ka fita mini a gida."

"Zan fita, Mama. Na san babu aurena a gidan nan. Amma akwai rabin magana da na ɓoye, sai na faɗe ta."

Ta juya wurin tsohon, ta nuna masu lodi. A karo na farko ta yi magana yadda za a gane.

"Baba, abin da ke cikin hantarku ke nan. Jerin masu lodi ne, dubbai. Abincin da kuka ci shi ne buhu, suna miƙa wa juna har ya shiga mota, motar ita ce iskar da kuke shaƙa. Wannan miƙe-miƙen ne ke ba hanta ƙarfin tace jini da ƙona kitse. To burukutu in ya zo, ba ya bin layi. Dole a ajiye komai a ɗauki nasa tukuna. Ƙwarya ɗaya, za su iya. Amma ku tun safe kuke juye musu mota bayan mota. Buhunan abinci sun taru a ƙofa ba mai ɗauka, shi ne kitsen da ke cika hanta. Hannunsu ya gaji, kaya na suɓucewa yana faɗo musu a kai, yana kashe su ɗaya-ɗaya. Farasitamol sha biyu a rana kuma, kamar ku saki kare ne a cikinsu. Idonku ya yi rawaya don babu sauran masu kwashe datti."

"Kai ka ce yana tofowa."

"Tana tofowa in an bar ta ta huta. In ba a bari ba, tabo take yi, tabo kuwa ba ya lodi."

Tsoho ya daɗe yana kallon mazan nan huɗu. Sannan ya ce, "Ɓerayen naka. Ka ba su giya?"

"Rabinsu. Mako shida."

"Yaya hantan?"

"Ta kumbura, ta yi fari-fari da kitse. Iskar da take ja ta ragu."

"Sun warke?"

"Waɗanda muka janye wa da wuri, tasu ta fara dawowa."

"Suna ina yanzu?"

Nkechi ta sunkuyar da kai. "Duk mun yanka su, Baba."

"Yesu," in ji Baba Kumai.

Mama Keziya ta sake cewa ta fita. Nkechi ta zauna daram a ƙasa, cikin ƙaiƙayin dawa, da siket ɗinta na zuwa coci. Ta ce ba inda za ta sai da shi. Ta ce su kira mai unguwa, su kira fasto, su zuba mata ruwan tsiro in suna so. Ba ta motsa ba.

Aka gama lodi tana nan zaune. Direba ya tayar da mota. Mama Keziya ta dubi mijinta a cikin rana, ta dube shi sosai, irin duban da ta kwana biyu tana gudu. Ta shiga ɗaki ta fito da rigarsa ta fita da takalmi, ta zare ƙwaryar daga hannunsa ta kife.

"Kumai, shiga gaba."

Haka ya shigo Kafanchan, a gaban motar cittarsa, matarsa a gefe. Nkechi a baya, a kan buhu.

Mataki na 9: A asibiti, ki nemi benci na can ƙarshe

Inda masu farar riga na gaske suke, ke ki zama 'yar rakiya. Ki riƙe jaka. In an tambaya, ki ce maƙwabciya ce.

Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba ta fi Nkechi da shekara uku ba. Ta tambaya me yake sha. Baba ya ce ɗan kunu. Nkechi ta matso ta juye fankon farasitamol a kan tebur, ta faɗi yawan ƙwaryar da yake sha a rana, ta faɗi tun yaushe idon ya canza.

"Ke ma'aikaciyar lafiya ce?" in ji likitar.

"Likita na ɓera ne," in ji Mama Keziya, ba ta ko kalle ta ba.

Aka auna jini, aka ɗauki hoton ciki. Likitar ta ce hantar ta kumbura, kitse ya cika ta, tabo ya fara, amma da saura. Ta ce da an ƙara mako biyu a haka, da wata maganar ake yi. Aka ba shi gado.

Kwana tara ya yi. Gidan su Nkechi na cikin gari, don haka kullum da safe takan kawo fate da ruwan zafi a filas. Mama Keziya takan karɓa ba sannu, ta mayar da kwanon ba na gode. Ranar gaisuwar iyaye ta zo ta wuce, ba wanda ya ambata. Levi yakan tsaya a baranda yana kallon takalminsa. A rana ta shida ne ya shiga ya gaya wa uwarsa cewa shi ya fara ƙaryar, shi ya take ƙafar. Duk ɗakin marasa lafiya sun ji amsar da ta ba shi, da yarensu, kuma ba sai an fassara ba.

Aka sallami Baba. Nkechi ta koma cikin bokitai. Uwarta ta ninke atamfar ta sa a ƙasan akwati, ta ce dama ita ba ta ga abin da ake gani a malamin firamare ba.

Mataki na 10: In uwar ta biyo ki kasuwa, ki ɓuya bayan manyan robobi

Mako biyar bayan nan, ranar kasuwa, Nkechi ta hango Mama Keziya tana ratso layin 'yan roba da kwano a ka. Maimakon ta ɓuya, sai ta tsaya kamar an dasa ta.

Mama Keziya ta sauke kwanon a gaban uwar Nkechi. Acca ce, wankakkiya. Ta gaishe ta, ta tambayi maigida, ta tambayi ciniki. Sai da ta gama duk wannan ta juyo.

"Ƙaryan nan, ban yafe ba tukuna. Ina addu'a a kai, bai sauka ba."

"Na sani, Mama."

"Shekara arba'in ina aure da Kumai. Ni nake dafa abin, ni nake ganin yana sha, ban taɓa iya ce masa ya isa ba. Kai ka zauna a ƙasa a gaban abokansa, ka zubar da mutuncinka, ka zubar da aurenka, don tsohon da ba ubanka ba." Ta gyara ɗaurin zane. Ta dubi uwar Nkechi. "Madam, ku gaya mana ranan da za mu zo. Amma a gaya wa yaron nan, a gidana zai koyi fartanya."

Uwar Nkechi ta ce za ta yi shawara da maigida. Ta faɗi haka ne tana jawo wa baƙuwar kujera.

Gargaɗi

Ni mai kitso ce. Ban san hanta ba sai a tsire. Duk wadda ta bi matakan nan ta sami kanta a zaune cikin ƙaiƙayi, ko a bayan motar citta, ko a gaban kwamitin dattawan coci, ita ta kai kanta. Kada a zo mini shago da kuka, sai in da tsifa. Ban ɗauki alhakin aure ba, ban ɗauki na rabuwa ba, ban ɗauki na tukwanen Mama Keziya da aka kwashe zuwa gidan ƙanwarta a ƙetaren rafi ba, inda aka kama Baba Kumai sau biyu yana cewa gaisuwa ya je.

Bikin ran Asabar ne, ni zan yi wa amarya kai. In kin zo kika ga wani dogon tsoho a babban tebur, riƙe da kofin kunun zaƙi, yana hararar amarya kamar ta kashe masa saniya, ki gaishe shi daga nesa. Likita ta ce in ya ci gaba da kunun, zai iya shekara goma sha biyar yana wannan harara.